Ƙaramin Harsashin Da Na Zaɓa Don Tausayin Gafiya

Assalamu alaikum, edita da 'yan'uwana masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a bakin garin Gumel, da yara uku, na gama sakandare kafin aure, ina kuma zuwa Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. Tun ina ƙarama ba na iya tsayawa inda ake yanka kaza, in kuwa na ga tururuwa ta faɗa randa sai na sa tsinke na fito da ita. Wata safiya ina zaune kan darduma bayan sallar walaha, gida shiru manyan yaran sun tafi makaranta, sai na ji ƙurus-ƙurus daga sitonmu da ke jikin madafi, kamar ana tauna ƙanzo. Na ɗauka ɓera ne, na buga ƙofar da tafin hannu, abin ya yi shiru, na koma kan aikina.

Maigidana yana sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan Gagarawa ya kai Maigatari, amma abin da ke cikin siton nan ba na sayarwa ba ne. Geron da ya noma ne, abincinmu na shekara, buhu kan buhu har kusa da rufi. Da ya dawo ya duba, sai ya ga rami a kusurwa wanda hannun babban mutum zai shiga, ga ɓawon gyaɗa a bakinsa. Ya ce wannan ba aikin ɓera ba ne, gafiya ce, kuma da alama har da iyalinta. Ya ce zai kawo guba, na ce Allah ya kiyaye, ga kaji ga yara, ga autanmu mai sa komai a baki. Ya kawo tarko, suka cinye ƙulin da ke kai suka bar masa ƙarfensa. Ya liƙe ramin da siminti, suka fasa wani ta bayan buhuna. Ya yi maganar aro bindigar toka wajen wani mafarauci, na ce in aka harba wannan a cikin gida ai sai maƙwabta su zaci 'yan fashi ne. Ni da bakina na kawo shawarar bindigar iska, irin wadda na taɓa gani wajen yayana yana korar tsuntsaye a gonar shinkafa.

Ya bi hanyar da ake bi ya nemi izini, sannan ranar Alhamis ya je kasuwar Maigatari. Da ya dawo bai sayo ba tukuna, sai ya kwance wani ƙullin takarda ya zuba mini ƙwayoyin dalma uku a tafin hannu. Ɗaya ƙarama, ba ta fi ƙwayar dawa ba, ɗaya ta ɗan fi ta kauri, ta ukun kamar wake. Ya ce kowace da bindigarta, bakin wata ba ya ɗaukar harsashin wata. Mai sayarwar, wani mutumin Damagaram, ya gaya masa ƙaramar ta ɓeraye ce da 'yan tsuntsaye, gafiya kuwa fatarta da kauri, sai ta tsakiyar ko babbar, a bindiga mai ƙarfin iska. Shi maigida ta tsakiyar yake so. Ni kuma da na juya babbar a hannuna na tuna za ta shiga jikin abu mai rai, sai na mayar masa da ita. Na ce masa don girman Allah ya sayi ƙaramar, da bindiga mai sauƙin iska, ko ba komai zafin zai zo wa dabbar da sauƙi. Ya yi dariya ya ce tun da yake bai taɓa jin an je sayen bindiga ana neman mai tausayi ba, ko so nake ya riƙa yi wa gafiyar allura? Na ɓata rai, na kwana biyu ina amsa masa magana da ƙyar, har ya ce shi ke nan, uwargida ta yi hukunci.

Bai tsaya nan ba, ya nuna mini hoton wani ɗan bututu a wayarsa, wanda ake ɗaurawa a bakin bindiga ya shanye ƙara. Salansa suke ce masa, kamar na babur. Ya ce shi bai ga amfaninsa ba, bindigar iska dama ba ta da wani rugugi. Na ce a sayo. Ba na son in ji, ba na son yara su ji, ba na son in san lokacin da ake yi.

Haka aka fara. Bayan sallar Asuba sai ya zuba 'yar gyaɗa a tsakar siton, ya zauna kan turmi a bakin ƙofa da bindigar a cinya. Ina madafi ina dama koko, abin da kawai nake ji shi ne wani ɗan "fut", kamar an hura wuta, wani lokacin ma ba na ji sam. In na tambaye shi sai ya ce ya same ta, amma ta shige bayan buhuna. Na ga ya fito da ɓeraye da yawa a shebur, gafiya kuwa sau ɗaya tak na ga ya fito da ita. Ya yi mini maganar canza bindigar, ya ce shi hankalinsa bai kwanta da yadda suke gudu da harbi a jiki ba. Na ce ai ga shi ƙurus-ƙurus ɗin ya ragu, ko wannan bai isa ba? Har ina yi wa ƙawayena a Islamiyya bayani, ina cewa mu a gidanmu ko kashe ɓarna za a yi, cikin tausayi ake yi.

Sai wari ya fara. Da farko na zaci kwatamin maƙwabta ne, na sa aka yashe, bai tafi ba. Na turara gidan da turaren wuta safe da yamma, sai warin ya haɗu da ƙamshin ya zama wani abu mai tayar da zuciya. Manyan ƙudaje koraye suka cika bakin siton. Duk da haka ina ɗibar gero a buhun da ke buɗe ina kai niƙa. 'Yata ta tsakiya, tana aji biyu a firamare lokacin, ta fara ture tuwo tana cewa yana warin wani abu. Na yi mata faɗa, na ce abincin Allah ba a raina shi, wasu na can ko ƙanzo ba su samu ba. Na tsaya a kanta sai da ta cinye tana hawaye. Wannan tsayuwar da na yi a kanta ita ce ke hana ni sukuni har yau.

Ranar wata Asabar da hantsi na shiga ɗebo gero, na ja buhu sai na ga abu yana motsi. Gafiya ce, ƙatuwa, tana jan ƙafafun baya a ƙasa, cinyarta ta kumbura ta fashe, tsutsotsi fari fat suna ninƙaya a cikin raunin, ita kuwa da ranta, tana kallona tana buɗe baki ba sauti. Na yi salati na fito da gudu, ban kai bakin magudana ba na yi amai. Maigida ya shiga da fartanya ya ƙarasa ta. Sannan ya fara sauke buhuna ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye na toshe hanci da mayafi. Abin da muka gani tsakanin buhunan nan, Allah kada ya nuna wa Musulmi. Nan suka riƙa rarrafawa su mutu. Wasu sun bushe, wasu sun narke, gashi ya saɓule, ruwansu ya jiƙa buhunan ƙasa, geron ya dunƙule ya yi baƙi. Buhun da nake ɗiba ma an fasa shi ta gindi, wata ta shige ciki ta mutu a can. Abin da nake tuƙa wa 'ya'yana ke nan. Maigida ya ɗauko ƙwayar dalma ɗaya da ta faɗo daga wani mushe, ya ajiye a kan turmi ya wuce.

Buhunan ƙasa a bayan gari aka binne su, don ko kaji ban yarda a ba su ba. Na je wajen malamarmu ina kuka na kwashe komai na gaya mata. Ta ce wanda ƙazantar ta ratsa a zubar, wanda bai jiƙa ba a wanke a shanya, ya halatta. Da na ce mata wallahi tausayi ne ya sa ni, sai ta tambaye ni tausayin wa, na gafiyar ko na kunnena? Ta tuna mini karatun da muka yi, cewa addini ya umarce mu ko kisa ya zama dole a kyautata shi, a gaggauta, kada a bar dabba tana wahala. Na san karatun nan, har na taɓa cin jarrabawa a kansa. Amma da aka zuba mini harsashi a hannu, abin da zai raba ni da gani da ji na zaɓa, na sa masa suna tausayi.

Shi ya sa nake kira ga 'yan'uwana mata, da mazan da ke biye mana don a zauna lafiya. In ɓarna ta kai a kashe ta, a tambayi wanda ya san aikin wane makami ne daidai da girman dabbar, a bi abin da ya faɗa. Ƙaramin harsashi ba ya rage wa babbar dabba zafi, tsawaita mata shi yake. Kada a yi harbi inda mai rauni zai ɓuya cikin abincin mutane, kuma duk wadda aka harba a neme ta a fitar. Shirun da salansa ya ba ni bai hana komai faruwa ba, ni kawai ya hana sani. In kuma yaro ya ce abinci na wari, a sunsuna kafin a yi masa wa'azi.

Sauran geron na wanke shi har hannuna ya yi fari, na shanya a tabarmi ya bushe ƙayau, na kai niƙa. Ranar da na fara tuƙa shi na yi miyar kuka da man shanu, wadda 'yar tawa ta fi so, na zuba mata a sabon kwano na kira ta. Ta zo ta durƙusa, ta dubi tuwon, ta dube ni, sannan cikin ladabi ta ce, "Umma, ki ba ƙanina nawa. Ni yau azumi nake yi."