Mai Tsugunno a Bayan Mai Sanda

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani, jikata Nana ce dai ke riƙe da alƙalami.

Wata Juma'a ce da la'asar, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, shekarar da Nana ta ce dubu biyu da goma sha huɗu ce. Ina zaune a kan darduma a gidan ɗana Sani da ke Manfuha, cikin birnin Riyad, na'urar sanyi tana ta gurnani a bango tana ɗiga a bokiti. Can gida a ƙasar Maraɗi lokacin nunar gero ne, ni kuwa ga ni a ɗakin da tagarsa ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Jikana Basiru yana kwance rubda ciki kusa da ƙafata, ya kafa ido a wayar ubansa, yana kallon wasan da suke kira besbol.

Yaron nan shi ne ciwon da ban faɗa wa kowa ba. A can aka haife shi, Larabci ya sha da nono. Yana jin Hausa kaɗan, amma ba ya mayarwa. In na ce, "Maigida, ina cefanena?" sai ya ce "aiwa", wato "to" a Larabce, ya wuce. A wurinmu jika mijin kakarsa ne na wasa, ta tsokane shi ya rama, ya ce ta tsufa zai sake ta, ta ce ba ya ciyarwa. Na yi wannan da kakana har ya mutu. Ga nawa jikan a gabana, amma babu bakin da za mu yi wasan da shi. Na soma jin tsoron in koma ga Allah yaron bai taɓa ce mini tsohuwa ba.

Wasan kuwa ta wajen aikin Sani ya shigo gidan. Yana tuƙa wani Bature injiniya, da za su tashi sai ɗan Baturen ya bar wa Basiru wata ƙatuwar safar hannu ta fata da farar ƙwallo. Tun daga nan matakalar gidan ba ta huta ba, mai kantin ƙasa ya kawo ƙara har ya gaji. Kowa da gwaninsa. Basiru na son wani ƙato mai kafaɗa kamar ƙofar zaure, wanda in ya daki ƙwallo da sanda sai ta tsallake shinge ta faɗa cikin 'yan kallo, shi kuma ya zagaya fili a hankali kamar ango. Sani na son wani siririn mai jifa, wai don ba a gane fushinsa ko murnarsa a fuska, wai haka ake zama da kafil, wato uban gidan da takardar zamanka ke hannunsa.

Ranar nan idona ya sauka kan wanda ba su ambata. Wani gajere ne, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ya tsuguna a bayan mai sanda. Na ga ya saukar da hannu tsakanin gwiwoyinsa, ya motsa yatsu, ya taɓa cinyarsa ta hagu, ya yi ƙasa da safarsa. Ban san na yi magana ba sai da na ji muryata: "Can zai jefa, ƙasa-ƙasa." Ƙwallo ta tafi can. Ya sake nuni, mai jifa ya girgiza kai. Na ce, "Ya ƙi. Taurin kai irin na yayana Illo."

Basiru ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana neman kalmomin, sannan ya ce, "Kaka, wa ya faɗa miki?"

Babu wanda ya faɗa mini. Ni ma na tsuguna.

Ina yarinya, kafin a yanke gero, rumbu yakan yi ƙasa, miya ba ta ganin nama. Da hantsi, in na gama surfe na kai wa awaki dusa, sai inna ta ɗora mini ƙwaryar fura in kai wa yayana Illo gona, inda yake korar tsuntsu. Jan-baki ihu ake yi musu da kaɗa gwangwani. Fakara kuwa shiru take so. Gero ya fi mutum tsawo, wanda ke tsaye ganye kawai yake gani, amma ƙaramar yarinya in ta tsuguna a kwarin kunya tana hango ƙafafun fakara suna tafiya tsakanin karare. Sai Illo ya tsaya a wancan bakin kwarin da hoge a hannu, ni in tsuguna a wannan bakin, in ɓoye hannu tsakanin gwiwoyi don kada tsuntsuwar ta ga motsi. Yatsa ɗaya, tana tahowa ta dama. Biyu, ta hagu. Tafin hannu a ƙasa, dakata. In ta tsallako kwarin sai ya saki hogen. In ya samu, ranar mun ci daɗi. In ya kuskure, ni ce a bayan fakarar, ƙaurina ne ke karɓa. Har yau akwai tabon, kuma ba a kuka, don kuka na korar ta gaba.

A gida cewa ake yi, "Hannun Illo ba ya faɗuwa ƙasa banza." Babu mai ambatona. Amma in an raba nama aka ba shi ƙundu, rabon maza, sai ya zagaya bayan rumbu ya damƙa mini rabi, ya ce, "Hannu nawa ne, ido naki ne."

Duk wannan na faɗa wa Basiru ranar, har na nuna masa tabon. Rabin maganar ta wuce shi. Ya tambayi mene ne hoge, na ce ƙasa ce da ta dunƙule. Ya tambayi fakara, ubansa ya nemo masa hotonta a waya. Washegari shi ya kawo mini wayar da kansa.

Haka muka yi shekaru, yana koya mini wasan ina biyansa da Hausa. Ni dai ban canza gwani ba. Sunansa ya ƙi zama a bakina, Gajere nake ce masa. Na ga ƙwallo ta dake shi a wuya, ya tashi ya gyara ragarsa ya koma ya tsuguna. Na ga in mai jifa ya rikice, yakan taka har wurinsa, ya rufe baki da safa, ya faɗa masa magana a asirce, kada duniya ta ji an yi wa babba gyara. In sun ci, mai jifa ake nunawa. Mutumin da ke rufa wa ɗan'uwansa asiri a gaban dubban jama'a, ko ban san addininsa ba na san an yi masa tarbiyya.

Wata rana ina cikin yabonsa sai Basiru ya fizge wayar, ya ɓata fuska, ya ce, "Tsohuwa, ina zaune kina yabon wani namiji? Na sake ki. Je ki wurin mai ragar ƙarfe ya ciyar da ke." Na ce ai ko shi ya fi shi cefane. Sannan na juya fuska bango, na ce na'urar sanyi ce ke sa ni hawaye.

Illo ya rasu tun kafin in ga jirgin sama, Allah ya jiƙansa. Sani yana can yana tuƙi. Nana ta dawo gida tare da ni, tana karatu a Maraɗi. Gajere, in ji Basiru, gwiwoyinsa sun gaji, yanzu yara yake koya wa tsugunno. Basiru ya zama saurayi, yana gyaran waya a Manfuha, duk Juma'a sai ya kira, wannan Juma'a ya sake ni, Juma'a ta gaba ya mayar da ni. Gonarmu kuwa gidaje sun cinye ta, yaran yanzu ba su san kukan fakara ba.

Da hoge na samu ƙundu, da ƙwallon wasu mutanen nesa na samu jikana. Alhamdu lillahi.