Bishiyoyin da Muka Dasa da Safe

A rahoton shekara na hukumarmu an rubuta cewa mun dasa itatuwa a bakin kwarin Bagadaza, don tare zaizayar ƙasa. Dasawa kam mun dasa. Abin da rahoton bai faɗa ba shi ne awakin unguwar sun cinye su tas tun kafin damina ta kankama. Ni na sa hannu a wannan shafin, ga shi kuma saura ƙiris in yi ritaya.

Sai kwamitin majalisa ya aiko cewa ba takarda suke so ba, da idonsu za su gani. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Oganmu kuwa ko a jikinsa. Ya sa leburori suka saro rassan dogon yaro da sassafe, aka caccaka a ramuka, aka ba su ruwa. Daga nesa sai ka rantse gandun daji ne.

“Ƙarfe goma za su zo, ko daga mota ba za su sauko ba,” in ji shi. Daga nan ciwon baya ya taso masa, ya ce in tsaya a madadinsa.

Wa ya taɓa ganin ɗan majalisa ya zo a kan lokaci? Goma ta wuce, aka kira azahar, ina tsaye ina kallon ganye yana sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai.

Bayan la'asar suka iso, suka kuwa sauko. Shugaban kwamitin, wani dattijo wanda da ganin hannunsa ka san ya riƙe fartanya, ya duƙa ya kama reshe guda. Bai ma ja da ƙarfi ba ya biyo shi, ga saran adda fari fat.

“Malam, ina saiwar?”

Na dubi ramin da reshen ya fito.

Ya miƙo mini. “Riƙe. Ranar Talata ka zo mana da shi majalisa.”

A cikin keke napep na yi ta kiran oga, wayarsa a kashe. Da na shiga gida uwargida ta ga reshen a hannuna ta yi dariya.

“Yau kuma asuwaki gwamnati ta raba muku?”

Da ta dubi fuskata sai ta daina dariya, ta matsa ta ba ni hanya.