Delbert Mai Fuskantar Ƙofa

Ƙanena Delbert bai taɓa faɗa da kowa ba tun da aka haife shi. Muna yara, in agwagwar maƙwabta ta biyo shi, bayana yake ɓuya. Amma yau in ka ji shi yana zuba a shagon abincin dabbobin da yake aiki, nan garinmu a Oklahoma, sai ka rantse jiya ya dawo daga fagen yaƙi.

Abin ya faro ne bayan rasuwar matarsa. Ya sayi ƙaramar bindiga, ya shiga ajin koyon kare kai, shi ke nan muka shiga uku. Kowace Asabar yana filin harbi yana huda takarda mai zanen mutum, ya kwaso ya manna a jikin firij. Da safe ya tsaya gaban madubi da ƙaton tumbinsa, ya zare, ya mayar, ya zare, ya mayar. In muka je gidan abinci kuwa, ba ya zama sai a kujerar da ke fuskantar ƙofa.

"Yaya, matsa, kin tare ni. In ɗan fashi ya shigo fa?"

"Ɗan fashi a garin nan? Me zai sata, kaskon suya?"

"Ku dai barci kuke da idonku buɗe."

Mts! Ka ji mutumin da agwagwa ke kora.

'Yarsa guda ce, Kendra, ma'aikaciyar jinya, ta ga abin da harsashi ke yi wa jikin mutum. Tana da 'ya, Tessa, 'yar shekara huɗu, kuma ba zan yi wa Delbert ƙarya ba, ransa na kan yarinyar nan. Kendra ta gindaya masa sharaɗi ɗaya.

"Baba, ba a shigo mini gida da bindiga. Ranar da na gan ta a nan, ka gama ganin Tessa."

Ya dafa ƙirji ya ce a mota zai riƙa barinta. Ƙarya yake. Cusa ta yake yi a ƙugu ya saki riga a kai. Da na yi masa magana sai ya ce, "Yaya, wanda ya sha horo irin nawa, bindigarsa ba ta rabuwa da jikinsa."

Wata Lahadi bayan coci muka taru a gidan Kendra cin abinci. Delbert ya narki gasasshen haƙarƙari da wake har cikinsa ya murɗa, ya nufi bayi. To, mai bindiga a ƙugu in zai sauke wando dole ya san inda zai yi da ita. An koya musu a aji, shi da bakinsa ya sha cika mana kunne: a cikin wandon ake ajiye ta, ba a ɗora ta ko'ina, don kada a manta. Gogan naka sai ya ɗora ta a kan tankin ruwan masai. Ya wanke hannu, ya gyara gashin baki, ya dawo tebur yana koya wa mijin Kendra yadda namiji ke sa ido a kan komai.

Sai ga Tessa ta fito daga bayin, riƙe da abin da hannu biyu, bakinsa na kallon haɓarta.

"Kaka, ka manta abinka."

Duk mun san da harsashi a ciki, don da wannan ma yake mana kuri. Na dubi gwanin saurin zarewa. Ya sandare da cokali a hannu, baki buɗe, ko motsi ya kasa.

Kendra ce ta durƙusa a hankali, tana murmushi. "Yawwa 'yar lele, tsaya haka. Kawo wa Mama." Ta karɓa, ta ajiye a gaban farantinsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗauki ka tafi, Delbert."

Ban taɓa jin ta kira sunan ubanta ba sai ranar.

Ya yi kuka, ya aike ni ban haƙuri wajen Kendra har ƙafata ta gaji, na ce masa ni ma da ni ce ba zan haƙura ba. Bindigar ya sayar. Kendra ta ce ta ji, sai dai ba wannan ne zai buɗe masa ƙofarta ba.

Har yanzu muna zuwa gidan abincin nan ranar Lahadi, inda a da Kendra kan kawo Tessa shan madara mai sanyi. Yana nan a kujerarsa mai fuskantar ƙofa. Duk wanda ya turo ta sai ya ɗaga kai da sauri, sannan ya mayar da ido kan farantinsa.