Dangin Ɗorawa

Ina ƙarama, zamanin Turawa, gidanmu yana bakin kogin Mayo Gwoi ne a Jalingo. Kakarmu, wadda muke kira Maama, daddawa take yi. Dafa kalwa kuwa ba aikin gaggawa ba ne, shi ya sa bayan sallar magariba wuta tana nan a murhunta, mu jikoki mu zagaye tukunya, tana iza itace tana ba mu tatsuniya.

Baba ɗanta ne na fari, saboda haka tana yi masa alkunya irin ta Fulani: ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. To, wata shekara aka matsa wa mutane da noman gyaɗa, sai Baba ya ce zai sare kurmin da ke ƙarshen gonarmu, ɓaure da kanya da duk sauran, ya bar ɗorawa kawai tunda ita ce mai amfani. Har ya aro gatura, ya gayyaci mutane su zo da safe.

Ran nan Maama ba ta ci tuwon kirki ba. Baba yana zaune a bayan zana yana wasa gatari, sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan ta fito daga kurmi!"

"Ta ƙaraso, mun yi mata shimfiɗa!" muka amsa.

Wai wani mutum ne yake son ɗorawarsa ƙwarai, amma ya tsani jemagun da ke kwana a ɓauren kusa da ita, don suna hana shi barci. Ya sare ɓauren, ya bi sauran itatuwa ya kwantar, jemagu suka yi ƙaura. Da lokaci ya yi, ɗorawa ta yi jan furenta, kyakkyawa, sai ya zube, ko ɗa ɗaya babu. Shekara ta zago, haka. Ya je ya durƙusa ya ce, "Na share miki fili, me kuma kike so?" Ta ce, "Ungozomomina ka kora. Su ne ke zuwa su sha furena in haihu. Wa ya ce maka ni kaɗai nake zaune a nan?"

Yayana Buba ya ce, "Maama, jemage fa wari gare shi."

"Kai ma wari gare ka, angona, ga shi ban kore ka ba. Kuma miyar da ka lashe kwano ɗazu, da me aka yi ta?"

Muka kwashe da dariya. Ni dai kunnena yana bayan zana: ƙarar wasa gatari ta tsaya. Can Baba ya yi gyaran murya ya ce mini, "Jummai, tambayi kakarki, mutumin ya mai da ɓauren?"

Maama ta dubi wuta. "Gaya wa wancan, ya dasa wani, amma jikokinsa ne suka ga girmansa."

Da safe masu gayya suka zo, Baba ya kai su wata tsohuwar saura can gefen hanyar garin Mutum Biyu, suka yi sassabe a can. Nisa gare ta, ya yi ta mita har damina ta wuce, amma kurmin ya tsaya.

Ban yi boko ba, ban san abin da malaman daji suka rubuta a kan jemage ba. Abin da na gani da idona shi ne, maƙwabtan da suka share nasu ƙaf, daga baya wajenmu matansu suke zuwa neman kalwa. Da ita Maama ta koya mini sana'a, da ita na ciyar da 'ya'yana bayan rasuwar mahaifinsu. Allah Ya jiƙan ta, Ya jiƙan Baba da ya iya jin magana ta bayan zana.

Har yau jemagu sukan ɓata mini shanya. Jikokina su ɗauko duwatsu, in ce su ajiye, in ɗebo ruwa in sake wanki.