Mai Juya Kwala

Shekara arba'in da 'yan kai Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki, kuma in ka tambaye shi aikin da yake alfahari da shi, ba zai ce maka ɗinkin sabuwar riga ba. Juya kwala zai ce. Idan wuyan riga ya cinye, zare ya fara tsitstsirowa kamar tsohon buroshi, sai ya sa reza ya warware ɗinkin a hankali, ya juya kwalar, cinyayyen gefen ya ɓuya a ƙasa, lafiyayyen ya fito. Da haka riga take ƙara shekara biyu a jikin mai ita.

Sai aka shiga zamanin da mutane suke jin kunyar gyara. Riga ta ɗan koɗe, an mayar da ita tsumman goge mota. Autansa, wanda ya karɓi shagon, ya kawo kekunan lantarki uku, ya ce, "Baba, ka huta haka nan, ka yi mana iya yinka." Maganar da daɗin ji, amma kora ce, kuma tsohon ya gane. Aka tura kekensa na ƙafa lungu, ma'aikata suka mayar da shi wurin ajiye kwanukan abinci.

A gida matarsa ba ta raga masa ba. "Tela guda da zaman kashe wando! Wa zai ɗinka maka in ya mutu?" Shi kuwa bai fasa halinsa ba. Ba a yar da riga a gidansa sai ya cire maɓallanta ya zuba a gwangwanin madara. Guntun sabulu ya manna shi a jikin sabo. Jikoki su yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

To, da rayuwa ta yi tsada, dariyar ta ɗauke. Masu yi masa kallon mai maƙo su ne yanzu suke yanka robar man goge baki da almakashi don su kwaso na ƙasa. Sabon ɗinki ya ja baya a shago. Ran nan Auta ya ce masa ranar Asabar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ɗauki keken, tunda ba abin da yake yi sai cin wuri. Baba ya ce, "To." Amma abin ya soke shi. Duk mako yakan leƙa shagon da sunan zuba wa keken mai, alhali hayaniyar wurin yake kewa. In keken ya tafi, ba shi da sauran dalilin taka ƙofar.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga Auta da leda a hannu. Ya gaishe shi har sau biyu, ya tambayi ciwon gwiwa, ya yi tsuru-tsuru.

"Kai, fito da abin da ke cikin ledar," in ji tsohon.

Farar riga ce ta wani malamin makaranta. Ita kaɗai ce ta kirki gare shi, gobe kuma masu duba aiki za su zo ajinsa. Malamin ya kawo a juya masa kwala kamar yadda ake yi wa nasa mahaifin a shagon a da, Auta kuma ya ji nauyin cewa bai iya ba.

Baba ya ɗaga rigar, kallo ɗaya ya yi mata ya fashe da dariya har da tari. Kwala hawa biyu ce: akwai gindin da ke riƙe da maɓalli, akwai ta sama mai naɗowa. Ta saman kaɗai ake juyawa. Auta ya ciro su gaba ɗaya ya kifa, maɓallin wuya ya koma hagu, raminsa ya koma dama, sauran maɓallan rigar suna can inda suke.

"Da wane wuyan malamin zai sa wannan?"

"Baba, don Allah ka rufa mini asiri. Mutum na huɗu ke nan da ya tambaya a makon nan. Uku na sallame su."

Tsohon ya miƙe. Takalmi ya nema. Matarsa ta bi shi da hula tana cewa, "A hankali dai, saurayi."

Suka tarar babu wuta a shago, kekunan lantarkin uku sun yi shiru, ma'aikata suna hira. Aka kwashe kwanukan, aka jawo keken tsakiya. Baba ya warware ɓarnar, ya mayar da gindin mazauninsa, ya juya ta saman, ya daidaita tsakiya da tsakiya. Hannunsa bai manta komai ba. Sai da ya zo zura zare ya tsaya. Ya lashi bakin zaren, ya gwada, ya sake gwadawa. Ramin allurar ya ɓace masa. Ya daɗe da sanin haka a gida, bai taɓa gaya wa kowa ba, ga shi yau a gaban ma'aikata. Kunya ta rufe shi.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka bar mai ƙarafan ya zo. Idon ya tafi."

Auta ya durƙusa gefen keken, ya karɓi zaren ya zura.

"Ba inda keken nan zai je. Idon nawa ne, hannun naka. Gobe ƙarfe nawa zan zo in ɗauke ka?"

Baba ya ɗora ƙafa a kan matakin keken, ya share fuska da bayan hannu.

"Bakwai. Kuma ka jawo kujera ka zauna nan kusa, ka ga yadda ake yi."