Inuwar Aduwa da Jan Siron Isufu

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Isufu makwancinsa a Tanut. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma ban taɓa yi wa wani mahaluƙi hassada kamar yadda na yi masa ba. Na faɗa yanzu tunda ba ya nan balle ya yi mini dariya.

Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, mu biyu muka sayo garin kala ja a Damagaram, wurin mutum ɗaya, gwangwani iri ɗaya. Muka kafa tulunan siro, ruwan shan nan mai kala da sukari, a gindin wata aduwa bakin tasha, inda manyan motocin Agadas ke yada zango. Inuwar ba ta isar mutum biyu. Sarkin tasha ya ce wanda direbobi suka zaɓa, shi zai zauna.

Nasa ja ne garau, kana hangen gindin kofi. Nawa kuwa sama fari-fari, ƙasa gudaji. Na ce ruwa ba ya tsami banza, lallai wani malamin garin Tarka ya yi masa rubutu. Sai na ninka kala, na ninka sukari, na antaya cikin ruwan rijiya yadda aka jawo shi, da sanyinsa da lakarsa. Wani direba ya sha, ya tashi sallar azahar leɓe da gemu jawur, abokansa na tambayarsa yaushe ya fara cin fure.

A ranar nan Isufu ya zo ya tsugunna gaban tuluna, ya leƙa.

"Bawana, ruwa ma ciki gare shi," in ji shi. "In ya ƙoshi, duk abin da ka ƙara kwantawa zai yi."

"Ubangidanka dai. Je ka koya wa jakinka."

Bai fasa ba. Ya ce a bar ruwa ya kwana a randa, a tace da ƙyalle. Kala kuwa abin da kan tsinken ashana ya ɗauka, a narkar da shi cikin ruwan zafi a kofin shayi har ba a ganin ƙwaya, sukari ma a narkar daban, sannan a haɗa. Ni ɗan kasuwa ne, na san ba a ba abokin gasa makulli a fili. Na ɗauka yana so ya ɓatar da ni ne. Kafin kasuwa ta sake ci, sarkin tasha ya ce in ɗauke tuluna.

Na koma fataucin fata da hatsi tsakanin Belbeji da Damagaram, Allah kuma ya buɗa. Shi har ya rasu bai wuce tulu biyu ba. Duk da haka in na zo wucewa na ga layin mutane gabansa, sai ƙirjina ya yi zafi. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, ni na yi wa gonar Isufu taki shekara da shekaru.

Yau ana ƙulla ja da kore da ruwan ɗorawa a leda, a daskarar a firji, a sayar ko'ina. Da Isufu zai dawo, na san ɗaga ledar zai yi ga rana ya duba ko wani abu ya kwanta. Ba zai zagi kowa ba. Tsugunnawa zai yi ya fara bayani, ko ba a tambaye shi ba, halin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Bayan rasuwarsa na sayi filin nan. Aduwar ta riga ta bushe, na gina kanti da siminti, na sa aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe a kan ƙofa. Shagunana kuwa ranar da na kwanta dama magada za su raba. Amma har gobe, in baƙo ya tambayi inda kantina yake, mutanen Tanut cewa suke: "Miƙe, yana nan wurin Isufu."

Allah ya jiƙanka, bawana. Inuwar taka ce.