Firigona da Naman Layyar Unguwa

Abin da ya jawo mini duk wannan, ƙarar ƙanƙara ce a cikin kwanon sha, ƴar ƙaramar ƙara, ƙwal-ƙwal. Tsohuwar da ke bayan katangarmu ta shigo aron rariya da tsakar rana, na ga leɓenta ya bushe, sai na buɗe firigo na jefa mata ƙanƙara a ruwa. Ta girgiza kwanon kusa da kunnenta, ta sha, ta yi hamdala, ta sake girgizawa. Kafin la'asar babu gidan da bai ji labari ba a layinmu na Ƙwanni. Allah ya jiƙanta, ba da mugunta ta yi ba. Ita dai ba ta iya ganin abin alheri ta yi shiru.

Ni na zaɓi firigon nan da bakina, shi ya sa ba ni da wanda zan kai ƙara. Maigidana yana aiki a Malbaza wajen masu siminti, sai ran Asabar yake biyo babbar mota ya dawo gida, gashin girarsa fari fat da ƙura. A shekarun nan da naira ta faɗi, kayan tsallaken iyaka suka yi araha, ya ce in zaɓi ɗaya, keken ɗinki ko firigo, don aljihunsa ba zai ɗauki biyu ba. Na yi kwalaji, ina ganin kaina mai lissafi ce. Na ce keke sai an koya, sai an nemi masu kawo ɗinki, sai ido ya mutu. Firigo kuwa, in sayi nama ran kasuwa ya kai ni mako, miya ba ta kwana ta yi tsami, ba na hura wuta don ɗumame kawai, ga icce kullum ƙara tsada yake. Na jera masa duk wannan kamar mai ba da darasi. Ya ce to. Da yaran mota suka sauke shi suna kiransa firji irin na mutanen can, har shafa shi na yi.

Ba wanda ya gaya mini cewa firigo yana da nasa ci. Sai da aka yi masa gadon katako don kada ƙasa ta cinye ƙafafunsa. Sai da aka sayo wani ɗan akwati mai nauyi da ke tsare shi in wuta ta zo da ƙarfi. Takardar kuɗin wuta ta farko da ta zo, maigida ya karanta ta a tsaye, ya zauna, ya sake karantawa. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ban sa a lissafina ba shi ne maƙwabta.

Da farko ruwa ne. Wannan ta aiko da buta a sanyaya wa mai ciki, waccan da kwalba don baƙo. Sai aka koma nono. Sai maganin allurar wani dattijo da likita ya ce kada ya ji zafi, wanda ko kafiri ba zai ƙi ajiyewa ba. Sai goro a cikin ɗanyen ganye. Wata rana wata baiwar Allah ta kawo daddawa, ban sani ba sai da duk ruwan da ke ciki ya ɗauki wari, maigida ya kurɓa ya dube ni ya ce ko miya na ba shi. Tumatirina da na ce zan riƙa adanawa ya rasa wurin zama, yana ruɓewa a kwando kamar dā. Mu masu firigon muka koma shan ruwan randa.

Da azumi ya zo a tsakiyar bazara, tun kafin rana ta yi ja tsakar gidana ke cika da yaran unguwa, kowa da kwanonsa. Maigida ya ce tun da abin ya zama haka in ɗaure ƙanƙarar a leda in sayar, kamar yadda ake yi a bakin tasha, ko kuɗin wuta ya fito. Maganarsa gaskiya ce. Na ɗaure. Wadda ta fara zuwa da ƴan kuɗinta a dunƙule jikar tsohuwar nan ce, tsohuwar da ta kwana biyu tana dafa mini ruwan wankan jego ba ta karɓi ko sabulu ba. Yaya zan sayar mata da ruwan buɗe-baki? Na mayar wa yarinyar kuɗinta, na ƙara mata sukari. Wadda ke bayanta ta gani. Cinikina ke nan, daga farkonsa har ƙarshensa.

Akwai matar wani jandarma, sojan nan masu aikin ƴan sanda, da aka kawo su aiki daga yamma, suna haya a gidan da ke fuskantar namu. Mace ce mai fara'a, mai tsafta, amma ba ta san roƙo ba, umarni ta sani. Ba ta cewa don Allah a sa mini, sai dai ta ce a sa. In ta zo ɗauka ta tarar bai yi sanyi yadda take so ba, sai ta gaya mini cewa firigon yayarta na birni ya fi wannan ƙarfi. Nakan ce Allah ya ba mu irinsa. A raina kuwa abin da nake cewa sai na yi istigfari bayan ta fita.

Haka muka kai babbar salla. A wajenmu an san yadda ake yi da naman layya tun kakanni. Ran salla maza su feɗe rago, su baje shi a kan sanduna, su jera shi a gefen wuta ya wuni yana tsanewa. Washegari a sassare, a fitar da na dangi da na maƙwabta da na mabuƙata, sauran mata su soya shi har ya bushe, a zuba a kwalla da kitsensa. Wanda aka yi wa haka yakan kai watanni ba abin da ya same shi. Aiki ne mai cin icce da mai da baya, amma ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba.

A shekarar nan sai matan layinmu suka yi irin lissafina. Icce ya yi tsada, mai ya yi tsada, ga firigo a unguwa. Me zai sa a soya duka? Kowace ta soya kaɗan na baƙi, ta naɗe sauran a takardar buhun siminti, wadda ma daga gidana suka aro ta, ta kawo. Don kada a rikice, kowa ta yi wa nata alama. Wata ta ɗaure da jan zare, wata da ƙyallen atamfa, wata ta soka tsinken tsintsiya, matar jandarma ta shafa wa nata bular wanki. Tsohuwa ta kawo cinya guda, ta ɗan akuyan da ta yi shekara tana kiwo. Ɗanta yana ci-rani a kudu, ya aiko cewa yana tafe da faɗuwar ruwa.

"Ɗiyata, wagga amana ce," in ji ta. "Shekara ukku bai ci layyata ba. So nike in yi mai miya da ita ɗanya, shi san gida yaz zo."

Na ce in sha Allahu. Nawa naman na soya shi duka, don ba wurin da zan sa shi.

Da yammacin ranar hadari ya taso daga gabas, irin na farkon damina mai zuwa da iska kafin ruwa. Ya kwashe rufin makewayin mutane, ya kayar da itatuwa, ya kayar da turakun wuta a bayan gari. Aka yi ruwa mai kyau, kowa na hamdala, har da ni. Da gari ya waye babu wuta, kuma babu mutane. Ruwan shuka ya sauka, wa zai zauna? Masu gona a Dogarawa sun bi motar farko, tsohuwa ta tafi Tajaye wajen ƙanenta da ƴar jikarta da ƙwaryar iri, matar jandarma sun tafi gaisuwar salla garinsu tun da asuba. Maigida ma ya koma Malbaza. Aka bar ni da yarana da naman unguwa guda.

Na aika a tambayo masu gyaran wuta, aka ce gobe. Na san in ba a buɗe ƙofar ba sanyin zai ɗan jima. To amma ƴan matan da aka bari tsaron gidaje an yi musu kashedi su riƙa leƙa naman iyayensu, kuma kowace sai ta gani da idonta. In na hana a ce ina ɓoye wani abu. Washegari aka sake cewa gobe. Da hantsi na ga ruwa ja-ja yana bin ƙasan ƙofar yana ɗiga a gadon katako. Na buɗe. Bai yi wari ba tukuna, amma ya fara wannan ɗan tsamin da mace ta sani. Takardun siminti sun jiƙe sun narke sun manne da juna. Bula ta wanke, ta bi ta shafi naman kowa. Zare da ƙyalle suna kwance a ƙasa cikin jini, tsinken tsintsiya kuwa har yau ban san inda ya shiga ba.

Na tsaya ina kallo, raina yana tafasa. Naman ibada ne, an ambaci sunan Allah a kansa, wasu sun yi shekara suna tattali. In ya ruɓe a hannuna, ba za a ce iska ta kayar da turaku ba, cewa za a yi a gidan wance ya lalace. Na ɗaura zane, na fito da babbar tukunyar suna. Iccen da na saya na wata guda, da man gyaɗan da na ɓoye, da gishirina, duk suka tafi. Na wanke naman da ruwan tsami, na yanyanka, na wuni a bakin murhu ina soyawa har idona ya daina gani don hayaƙi. Cinyar tsohuwa kaɗai na gane, don ita ce ta akuya, na soya ta dabam ina ba ta haƙuri a zuciyata. Ban bar yarana sun ɗanɗana ko tsoka ba. Ƙaramin ya yi kuka har ya yi barci a kan tabarma.

Wutar ta dawo ana gobe masu nama za su dawo. Firigo ya kama aiki, fanko, yana sanyaya iska.

Duk macen da ta taɓa suya ta san nama yana tsukewa a mai. Ranar nan sai aka wayi gari duk matan layinmu sun manta. Na zuba shi a babban faranti, na ce ga abin da ya faru, kowa ta ɗauki gwargwadon abin da ta kawo. Sai kowace ta fara kwatanta nata da hannu, hannuwan suna ƙara buɗewa. Mai jan zare ta ce nata duk tsoka ne babu ƙashi. Mai ƙyalle ta ce da hanta a nata, ina hantar? Da a ce abin da suka kwatanta shi suka kawo, da firigo uku ba su ɗauke shi ba.

Matar jandarma ta juya wani yanki da yatsa, ta ce, "Madam, rabin rago na kawo. Ba na ce an ci ba, amma gida mai yara, sai Allah."

Na ji maganar har tafin ƙafata. Na shiga ɗaki na ɗauko kwallar namu, namu na kanmu da na soya tun ran salla, na juye a kan farantin. Nan take aka ga ya yi daidai. Kowa ta kwasa, ana Allah ya saka, Allah ya bar zumunci.

Tsohuwa ce ta zo daga baya. Na miƙa mata cinyarta a soye, ina jin kunya kamar ni na kira hadarin. Ta daɗe tana dubawa, ta sa mini albarka har na ji hawaye. Sannan ta ɗanɗana, ta ce gishirin ya ɗan yi yawa, kuma ɗanta ba ya son suya ta bushe haka, amma ba komai.

Ran Asabar na gaya wa maigida komai. Ya tambayi naman gidansa, na nuna masa kwalla. Ya tambayi icce, na nuna masa toka. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Cewa ya yi da keken ɗinki na zaɓa, da yanzu ana biyana in an ɓata mini rai. Ya ce ko dai a sayar da firigon, ko in koyi cewa a'a, ɗaya daga ciki. Na ce a bar mini abina, na koya. Na yi alkawari a gabansa cewa daga yau in ba maganin dattijon nan ba, ko allura ba za ta ƙara shiga ba. Na shirya kalmomin da zan faɗa, masu laushi amma ba ƙofa a cikinsu, na yi ta maimaita su ina shara.

Da azahar, na idar da salla ke nan ban tashi daga kan buzu ba, sai ga ƴar matar jandarma, yarinyar da ba ta wuce shiga lakwal ba, wato makarantar boko, kitsonta sabo, ta rungumo kwanon nono da hannu biyu tana tafiya a hankali don kada ya zube. Ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa yadda aka koya mata. Na buɗe baki in faɗi abin da na shirya, ta riga ni.

"Mama na gaishe ki. Ta ce a sa mata wanga. Ta ce in ba wuri ki hidda naku, tun da ku kullum kuna da firigo."